Zafin Bazara da Batirin Jirgi Maras Matuƙi

Gabatarwa

A da, in an ambaci jirgi maras matuƙi, ba abin da ke faɗo wa Bahaushe a rai sai labarin yaƙi da yake ji a rediyo. A yau kuwa masu ɗaukar hoton biki da 'yan fim na Kano suna aiki da ƙananansu, kuma a 2022 kamfanin Zipline ya soma kai magunguna da alluran rigakafi asibitocin Jihar Kaduna da irin waɗannan jirage, bayan ya fara haka a Ruwanda a 2016 da Gana a 2019. Wannan 'yar maƙala za ta tsaya ne a kan ƙananan jiragen da mutum ke saye da kuɗinsa, kuma a kan sashe guda na jikinsu, watau batir. Abin da muke son nunawa shi ne, a ƙasa irin tamu, inda zafi kan haura digiri 40 na Salshiyos a Sakkwato da Maiduguri da Yamai cikin watan Afrilu, zaman da batir ke yi cike da caji cikin zafi yakan ci shi fiye da tashin da yake yi.

Abin da Zafi Ke Yi wa Batir

Batirin waɗannan jirage na dangin litiyam ne, wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991. Galibi batir yakan ƙunshi ƙwayoyi biyu ko uku ko fiye, a jone da juna. Ƙwayar da aka fi sani tana kai bolt 4.2 in ta cika, kuma in aka bar ta ta sauka ƙasa da bolt 3 sai ta fara lalacewa. A cikin ƙwaya akwai faranti biyu da wani ruwan sinadari, da kuma shamaki siriri wanda ke hana farantan taɓa juna. Litiyam na kai da komo tsakanin farantan: wajen caji ya tafi, wajen aiki ya dawo.

To amma ba duk litiyam ɗin ke dawowa ba. Kullum ruwan sinadarin yana cin wani abu daga cikinsa, yana tara shi kamar ƙanzo a jikin faranti ɗaya, ko da batirin yana ajiye ba a taɓa shi ba. Masana sinadarai suna da ƙa'ida cewa irin wannan aiki yakan kusa ninka saurinsa duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10. Cikar caji kuma tana ƙara ingiza shi. Ƙiyasin da kamfanin Cadex na Kanada ya wallafa ya fito da wannan a fili: batirin da ya shekara a ajiye a digiri 25 da cajin kashi 40 cikin 100, yakan riƙe kimanin kashi 96 na ƙarfinsa, wanda ya shekara a digiri 40 yana cike kuwa, kashi 65 kaɗai ke rage masa. Asarar nan ba ta dawowa. Daɗin daɗawa, ruɓewar ruwan sinadarin tana haifar da iska a ciki, wadda ita ce ke sa a ga batir ya kumbura.

Caji

Jirgi na sauka batirinsa da ɗumi yake, domin ya zubar da ƙarfinsa duka cikin kamar rabin awa. Jona shi da caja nan take ɗora zafi ne a kan zafi. Kamfanin DJI, wanda jiragensa suka fi yawa a kasuwa, ya ƙayyade wa yawancin batiransa caji tsakanin digiri 5 zuwa 40. Idan muka lura, ɗakin kwano da azahar a bazara ya riga ya wuce wannan iyaka tun kafin a kunna caja. Saboda haka lokacin caji a wajenmu shi ne dare ko asuba, a kan daɓen siminti, nesa da katifa da labule, kuma mai shi yana kusa.

A nan ne ka'idar masana ke cin karo da halin da muke ciki. Wutar lantarki ba ta da tabbas, don haka da zarar an kawo ta kowa sai ya cika duk abin da ya mallaka, don bai san yaushe za a sake kawowa ba. Ba a zargin mai yin haka. Sai dai a ganinmu abin da ya fi shi ne a kai batir rabi kawai, watau kimanin bolt 3.8 a kowace ƙwaya, sa'an nan a ƙarasa cika shi a daren da za a wayi gari a yi aiki. Wasu batiran suna rage cajinsu da kansu zuwa wajen kashi 60 in sun yi kwanaki ba a yi amfani da su ba. Mai jirgi kan ɗauka lalacewa ce, ya sake cikawa, alhali kuwa batirin kansa yake karewa. Yakan ɗan yi ɗumi yayin wannan ragewa, don haka kada a cusa shi cikin jaka.

Sanyayawa da Ajiya

Mutum zai iya cewa, to, a jefa shi firji mana. Illar wannan ita ce raɓa: batir mai sanyi in ya fito cikin iska mai ɗumi sai danshi ya taru a bakin wayoyinsa da kuma kan ɗan allon lantarkin da ke cikinsa, musamman da damina. Inuwa da fanka sun wadatar, a jira har hannu ya daina jin ɗuminsa. Wurin da ya fi kowane muni kuwa shi ne motar da aka rufe a rana, inda zafi kan kai digiri 60.

Ya kamata a ambaci dabarar tukunya cikin tukunya, wadda Mohammed Bah Abba, wani malamin makaranta a Jihar Jigawa, ya yaɗa, har ya sami kyautar Rolex a shekarar 2000. Ana zuba jiƙaƙƙen yashi tsakanin tukwane biyu, ruwan na bushewa yana tafiya da zafi, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwan sha. Dabarar ta dace da tumatir da alayyafo domin suna son danshi. Batir ba ya so. Abin da za a ara daga gare ta shi ne tukunyar kanta, a bushe, da busasshen yashi a gindinta, a ajiye a ƙasan soron ƙasa, wanda kowa ya san ya fi ɗakin kwano sanyi da rana. Ƙasa ba ta kama wuta, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Dalili kuwa, shamakin nan da muka ambata yakan fara narkewa a wajen digiri 130. Da farantan sun haɗu, zafi sai ya yi ta haifar da zafi, ƙwaya ta kunna ta kusa da ita. Irin wannan gobara ce ta sa Samsung ya janye wayarsa Galaxy Note 7 daga kasuwa a 2016. Batirin da ya kumbura ya fi kusa da wannan hali, don haka ba a sake tashi da shi, ba a danna shi don ya koma mazauninsa, ba a kuma huda shi da allura don iskar ta fita, kamar yadda wasu masu gyara ke yi. Kuma kada a jefa shi juji, tun da yake a garuruwanmu ƙona juji ake yi, yara kuma suna tono a cikinsa.