Filin Kiwon Lafiya: Sassauta Tsokar Jiki Ga Mai Fama Da Ciwon Daji

 

Da wuya a samu wadda ba ta taɓa zuwa dubiyar mai ciwon daji ba, ko a dangi ko a maƙwabta. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna a shekarar 2022 an samu sabbin masu wannan ciwo kimanin miliyan 20 a duniya, kuma sama da 120,000 daga cikinsu a Nijeriya suke. A tsakaninmu mata, sankarar mama ce kan gaba, sai ta bakin mahaifa. Jinya kuwa, kowa ya sani, yawanci a kan mace take faɗawa. To bayan kai mara lafiya asibiti da dafa mata abin da za ta iya ci, akwai wani taimako da za mu iya yi mata a ɗaki, ba tare da an kashe ko kwabo ba. Shi ne darasinmu na yau.

Abin da tsoro ke yi wa jiki

Ki lura da mai wannan ciwo idan tana zaune. Za ki ga kafaɗunta a ɗage, goshi a tamke, haƙora a cije, numfashi sama-sama. Ba da gangan take yi ba. Idan mutum ya tsorata, jikinsa kan saki wasu sinadarai, irin su adirinalin da kotizol, waɗanda ke sa zuciya bugawa da sauri, tsokoki su ɗaure, kamar mai shirin gudu. Ga wanda ya ga maciji, wannan abu ne na ɗan lokaci, da ya tsira jiki zai koma daidai. Amma wadda likita ya gaya wa tana da sankara, da tsoron take kwana, da shi take tashi: tunanin tiyata, tunanin kuɗin magani, tunanin wa zai riƙe mata yara. Sai tsokar ta zauna a ɗaure wata da watanni. Tsoka ɗaurarriya tana ƙara zafin ciwo, zafin ya hana barci, rashin barci ya ƙara damuwa, damuwar ta sake ɗaure tsokar. Haka abin zai yi ta zagayawa. Dabarar da za mu koya tana yanke wannan zagaye ne ta wajen da ya fi sauƙin kamawa, wato tsoka.

Asalin dabarar

Wani likita ɗan Amurka, Edmund Jacobson, shi ya tsara ta, ya kuma fitar da littafi a kanta a 1929. Abin da ya lura da shi shi ne, da wuya hankali ya kasance a tashe alhali tsokar jiki tana sake. Sai dai mutane da yawa ba su ma san jikinsu a ɗaure yake ba, saboda sun saba. Don haka ya ce a koya wa mutum ya ɗaure sashe ɗaya na jikinsa da gangan, ya ji yadda ɗaurin yake, sannan ya saki, ya ji bambancin. Tsarinsa yana cin watanni kafin a ƙware. A 1973 wasu masana biyu, Bernstein da Borkovec, suka taƙaita shi zuwa sassan jiki 16, idan an saba a rage zuwa 7, daga nan zuwa 4. Wannan taƙaitaccen tsari da ire-irensa su aka fi amfani da su a asibitoci.

Me bincike ya nuna?

Tun farkon shekarun 1980 aka fara gwada ta a kan masu karɓar maganin kemo a Jami'ar Bandabilt ta Amurka, aka ga waɗanda aka koya wa sun fi samun sauƙin tashin zuciya da fargaba. Akwai wani irin tashin zuciya da masu jinya suka sani sarai: mara lafiya ba a ko sa mata ruwan ba, da ta shiga ƙofar asibiti ta ji warin magani sai amai. Jikinta ne ya haɗa wurin da wahalar da ta sha a baya. Irin wannan bai cika jin maganin amai ba, shi ya sa likitoci ke ba da shawarar a haɗa da dabarun kwantar da jiki.

A 2002 an wallafa wani bincike daga Hon Kon a kan mata 71 masu sankarar mama. An raba su gida biyu, duka ana ba su maganin amai, amma kashi ɗaya an ƙara musu da motsin sassauta tsoka kafin kemo da kuma kwanaki biyar bayansa. Waɗannan tashin zuciyarsu da amansu bai daɗe kamar na ɗaya kashin ba. A 2023 kuma ƙungiyar likitocin ciwon daji ta Amurka, tare da wata ƙungiyar, sun sanya dabarun sassauta jiki cikin abubuwan da za a iya ba mara lafiya don rage fargaba a lokacin da take karɓar magani.

A nan ne maganar ingancin rayuwa ta shigo. Likitocin yanzu ba girman ƙari kaɗai suke aunawa ba. Akwai wata takarda mai tambayoyi 30 da aka fitar a Turai a 1993, wadda ake ba mara lafiya ta cike: Kina samun barci? Kina iya cin abinci? Gajiya fa? Ciwon ya shiga tsakaninki da iyalinki? Ya jawo miki matsin kuɗi? Amsoshin nan su ne ingancin rayuwa. Matar da ta samu barcin awa biyar maimakon biyu, ta tashi ta sha kunu ya zauna, ta yi hira da 'ya'yanta, ai ba ƙaramin abu ta samu ba, ko da ƙarin yana nan.

Amma a ji da kyau: wannan dabara ba ta warkar da ciwon daji, ba ta rage ƙari, ba ta maye gurbin tiyata ko kemo ko gashi ko maganin rage zafi. Taimako ce a kan magani. Duk wanda ya ce miki a bar asibiti a koma wa wannan, ko wani abu daban, to ki guje shi, domin jinkiri shi ke sa mata da yawa isa asibiti bayan ciwon ya ci jiki.

Yadda ake yi

A nemi lokacin da gida ya yi shiru, kamar bayan yara sun tafi makaranta ko bayan sallar isha'i. Kada a yi da an gama cin abinci. Mara lafiya ta kwanta rigingine ko ta jingina da matashi, ta sassauta zani da ɗankwali, a kashe rediyo, a ajiye waya. Ke mai jinya ki zauna kusa, ki riƙa faɗa mata abin da za ta yi da murya ƙasa-ƙasa.

Ta fara da jan numfashi ta hanci a hankali har ciki ya taso, ta fitar ta baki, sau uku ko huɗu. Daga nan kowane sashe za ta ɗaure shi kamar daƙiƙa 5, ta sake shi gaba ɗaya lokaci guda, ta huta kamar daƙiƙa 30 tana sauraren yadda wurin ya yi laushi, kafin a wuce na gaba:

1. Hannun dama: ta dunƙule shi kamar mai matsar tsamiya, ta saki. Sai na hagu.
2. Damtse: ta lanƙwasa gwiwar hannu ta matse, ta saki.
3. Fuska: ta ɗaga gira sama, ta saki. Ta runtse ido, ta saki. Ta ɗan cije haƙora, ta saki har baki ya ɗan buɗe.
4. Kafaɗu da wuya: ta ɗaga kafaɗu zuwa kunne, ta bar su su faɗo.
5. Ciki: ta tamke shi, ta saki.
6. Cinyoyi: ta matse su, ta saki.
7. Ƙafafu: ta jawo yatsun ƙafa zuwa wajen fuskarta har ta ji sharaɓa ta miƙe, ta saki.

Idan an gama ta ɗan kwanta minti biyu ko uku, sannan ta tashi zaune a hankali don gudun jiri. Duka bai wuce minti 15 zuwa 20 ba. Ba da dukkan ƙarfi ake ɗaurewa ba, rabin ƙarfi ya isa, kuma ba a riƙe numfashi, musamman ga mai hawan jini. Sakin shi ne aikin, ɗaurewar hanya ce kawai.

Inda za a yi hattara

Kafin a fara a shaida wa likita ko nas mai kula da ita. Kada a ɗaure wurin da aka yi tiyata bai warke ba, ko wurin da ake gashi, ko hannun da aka sa allurar ƙarin ruwa. Wadda aka cire wa mama tare da kaluluwar hammata, idan hannun wannan gefen ya kumbura, a tsallake shi sai abin da likita ya ce. Idan ciwon ya taɓa ƙashi, ƙashin kan yi rauni har ƙaramin abu ya karya shi, saboda haka ba a ɗaurewa sam. Haka nan wadda aka ce ƙwayoyin jininta masu tsayar da zubar jini sun yi ƙasa. Irin waɗannan, da wadda jiki ya yi nauyi sosai, akwai hanya mai sauƙi: ba ɗaurewa, sai dai ki riƙa ambaton sassan jiki ɗaya bayan ɗaya, ita kuma ta kai hankalinta wurin, duk fitar numfashi ta ƙara sakinsa. Duk abin da ya jawo zafi a bari. Wasu kuma idan suka rufe ido sai fargabar ta ƙaru, to su yi da ido a buɗe, ko a taƙaita zuwa minti biyar.

Sai an jure

Ranar farko mara lafiya na iya cewa, “Yaya, ni ban ji komai ba.” Kada ki karaya, kuma kada ki matsa mata. Kamar koyon tuƙin tuwo ne, hannu sai ya saba. A riƙa yi kullum, sau ɗaya ko biyu, mako biyu zuwa uku, kuma a fara a ranakun da take jin dama-dama, ba ranar da ciwo ya taso ba. Idan ta saba, za ta iya yi ita kaɗai a kan bencin asibiti tana jiran layi: ta sauke kafaɗu, ta saki muƙamuƙi, ta ja numfashi, ba wanda zai san tana yi. Idan ba kullum kike kusa ba, ki naɗa mata muryarki a waya ta riƙa saurara. Muryar wadda ta sani ta fi kwantar mata da hankali.

Idan kuwa kika ga damuwar ta wuce misali, ba ci ba barci, kullum kuka, ko tana cewa gara ta mutu ta huta, kada a tsaya ga wannan dabara. A gaya wa likita, domin ciwon damuwa shi ma yana da magani.

Ke ma mai jinya, ki duba kafaɗunki yanzu da kike karatun nan. Wadda ta kwana tana tashi, ta wuni tsakanin asibiti da murhu, jikinta a ɗaure yake ko ba ta sani ba. Ki yi tare da ita, ki kuma roƙi maigida ko wata 'yar uwa su karɓe ki na minti ashirin ɗin nan. Idan mai jinya ta kwanta, marasa lafiya sun zama biyu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.