Darasi: Makamashi, Sauyin Yanayi da Alkawaran Ƙasashen Duniya

Manufar darasi: Iyali su fahimci abin da ke kawo ɗumamar duniya, da dalilin da ya sa ƙasashe suke jayayya a kan maganinta.

Tushen Matsalar

Duk lokacin da aka ƙona kwal, ko man fetur, ko iskar gas, iskar kabon takan tashi ta taru a sararin sama, ta hana wani sashe na zafin duniya fita. Kafin zamanin masana'antu, yawan wannan iska wajen kashi 280 ne cikin miliyan. Yanzu ya wuce 420. Sakamakon haka, shekarar 2024 ta fi dukan shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi. Zafin nan yakan rikitar da damina, ya ƙara tsananta fari a wani wuri, ambaliya kuma a wani.

Alkawaran da Aka Yi

A 1992 ƙasashen duniya suka taru a birnin Rio na ƙasar Brazil, suka amince su tunkari matsalar tare. A 1997 aka ƙulla yarjejeniyar Kyoto a Japan, wadda ta ɗora nauyin rage hayaƙi a kan ƙasashe masu arziki kaɗai. Amurka ba ta tabbatar da ita ba, Sin da Indiya kuwa ba a ɗora musu wannan nauyi ba. Kafin shekara goma ta cika, Sin ta zama ƙasar da ta fi kowace fitar da iskar kabon.

Saboda haka aka canza hanya a birnin Paris a 2015. Kowace ƙasa, babba da ƙarama, za ta tsara nata alkawari, da nufin kada ƙarin zafin duniya ya kai digiri 2, a kuma yi ƙoƙarin tsayar da shi a digiri 1.5. Raunin wannan tsari shi ne babu hukunci ga wanda ya kāsa cika alkawarinsa. Amurka ta fita a 2020, ta dawo a 2021, sa'an nan a Janairun 2025 Shugaba Trump ya sāke ba da umarnin fita. Duk da haka, akwai ci gaba: Birtaniya, inda zamanin masana'antu ya soma, ta rufe tasharta ta ƙarshe mai samar da lantarki da kwal a 2024.

Wane Ne Zai Biya?

A nan ne jayayya ta fi zafi. Afirka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na iskar kabon ta duniya, amma mutane wajen miliyan 600 a kudu da Sahara ba su da wutar lantarki. Ƙasashe matalauta suna cewa bai dace a hana su hanyar da wasu suka bi suka yi arziki ba, sai fa in an taimake su da kuɗi. A 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin dala biliyan 100 kowace shekara zuwa 2020, amma ba a kai adadin ba sai 2022. A taron Baku na 2024 aka ɗaga shi zuwa dala biliyan 300 zuwa 2035, adadin da ƙasashe masu tasowa suka ce ya yi kaɗan.

Nijeriya tana tsakiyar wannan tsaka mai wuya. Yawancin kuɗin da take samu daga waje na ɗanyen mai ne, amma a 2021 ta kafa dokar sauyin yanayi, ta kuma yi alkawarin daidaita hayaƙinta zuwa 2060. A 2022 ambaliya ta hallaka fiye da mutum 600 a ƙasar. Manomin da ruwa ya ci gonarsa bai halarci taron Paris ba, amma abin da aka yanke a can ya shafi rumbunsa.

Tambayoyi Domin Tattaunawa a Iyali

1. Mene ne bambancin yarjejeniyar Kyoto da ta Paris?
2. Adalci ne a bukaci matalauci ya rage abin da mai arziki ya daɗe yana morewa?
3. Wane canji dattawan gida suka gani a damina tun ƙuruciyarsu?
4. Itace nawa iyali ya ƙona bara, nawa kuma ya dasa?