Kumatu sun zube, ciki ya fito: kada a jefar da magani

Ni ma'aikaciyar jinya ce. Na daɗe ina kula da masu ɗauke da ƙwayar kanjamau da ke zuwa daga Mai Wurno da ƙauyukanmu na tsakanin Sinnar da Wad Madani, a Sudan. Cikinsu akwai waɗanda aka haifa da cutar, suka girma suna shan magani, yanzu sun zama samari da 'yan mata.

Wata rana ɗaya daga cikinsu ta shigo, ta zauna, ta yaye mayafi. Kumatunta sun loɓa, jijiyoyin hannunta sun fito raɗau, ƙafafu sun sirance, ciki kuwa ya turo gaba. Ta ce, "Yaya, gwaggona ta ja ni ɗaki tana tambayata wa ya yi min ciki." Tun ranar da gwaggon ta yi mata wannan tambaya ta daina shan magani, har wata uku.

Abin da ya same ta sananne ne a wurinmu. Tsofaffin magungunan da aka ba yara da yawa, musamman stavudine da zidovudine, suna lalata kitsen ƙarƙashin fata a fuska da hannu da ɗuwawu. Wasu kuma kitse ya taru musu a ciki ko a ƙeya. Shi ya sa a 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a janye stavudine. Amma wanda ya sha shi shekaru yana ƙarami, kumatunsa sukan jinkirta cikowa, wani ma ba sa cikowa duka. Dolutegravir da aka fi bayarwa tun 2019 ba ya zubar da kumatu, sai dai wasu, musamman mata, yana sa musu ƙiba.

Kitsen da ya fi damunmu shi ne wanda ya kewaye hanji da hanta, domin shi ke janyo ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya, tun mutum bai kai shekara talatin ba. Don haka muke sa tef a ƙugu. In ya wuce santimita 80 ga mace, ko 94 ga namiji, sai mu auna suga da jini, mu duba abinci. Shayin da ake zuba wa cokali uku na suga sau huɗu a yini, da zalabiyar safe, su muke fara ragewa. A ƙara wake da ganye da kifin kogi, a riƙa tafiya da ƙafa.

Yaƙin da ya ɓarke a ƙasarmu a Afrilun 2023 ya raba mutane da yawa da asibitocinsu. Wanda maganinsa ya yanke ya nemi cibiya mafi kusa, ya tafi da tsohon kati ko kwalbar maganin, don a san abin da ya sha a baya.

Budurwar nan ta koma kan magani, ƙwayar ta kwanta a jininta, na kuma zauna da gwaggonta na yi mata bayani.

Iyaye da dangi, yaran nan ba su zaɓi cutar ba, a kame baki daga zancen jikinsu. Ku kuma ƙannena, in kun ga jiki ya sauya, ku zo mu duba tare. Ana canza magani, amma ba a daina shi. Allah ya ƙara mana lafiya da zaman lafiya.