Zafi da nauyi a kan noti ɗaya: me za ka sa a tsakani?

'Yan uwa ɗalibai, musamman masu haɗa tanderu ko injin busar da amfanin gona a matsayin firojet, akwai wurin da nake so mu duba tare: inda ake ɗaure jikin da ke zafi da firam da bol da noti. Ko ka naɗe tanderun da audugar gilashi, zafi zai bi ta wannan mahaɗa ya sauka ƙafafu, ya ƙona hannun mai aiki ko ya kashe boris. Dole a sa wani abu a tsakani.

To, matsalar ita ce yawancin abin da ke tare zafi iska ce cike a cikinsa, shi ya sa ba ya jure matsi. Mu yi lissafi. Bol M12 mai lamba 8.8, in an ɗaure shi yadda ya kamata, yana ja da ƙarfin kilonyuton 37 ko kusa da haka. Washarsa faɗinta milimita 24, raminta 13, wato fili kusan murabba'in milimita 320. Raba ka gani: megafaskal 115 ke nan. Allon rufin tanderu na yau da kullum gari zai koma a ƙarƙashin wannan matsi.

Saboda haka tambaya uku nake yi wa kowane kaya. Zafi nawa yake bari ya wuce? Matsi nawa yake ɗauka a zafin da za a yi aiki, ba a sanyin ɗaki ba? Yana lotsawa a hankali in an daɗe ana matsa shi?

PTFE na jure digiri 260, amma yana lotsawa, noti ya saki. Allon zaren gilashi da ifoksi, irin G11, yana da ƙarfi, sai dai kar ka kai shi digiri 200. In zafi ya haura haka, allon maika ne abokin tafiya: moskobait na kai wa digiri 500, fulogofait kuma 700. Zafin da yake wucewa da shi bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na baƙin ƙarfe ba. Tangaran ɗin zakoniya ya fi su jure wuta, amma in fuskar ƙarfen ba ta daidaita ba, tsagewa yake yi. Asbestos kuwa, ko kyauta aka ba ka kar ka karɓa, ƙurarsa na jawo kansar huhu.

Saura abu biyu. Na farko, bol ɗin kansa gada ne. In kansa na taɓa ƙarfe mai zafi, aikin banza ka yi, sai ka sa washar maika a ƙarƙashinsa, ka ɗora ta ƙarfe mai kauri a sama don ta baza matsin. Na biyu, bol da maika ba sa buɗewa daidai da juna in sun yi zafi, sai ɗaurin ya canja. Washar Belleville mai siffar faifai tana cike wannan giɓi.

Kafin ranar kare firojet, kunna injin ya yi zafi, bari ya huce, ka sake bin kowane noti da sifana. Ka rubuta a rahotonka me ka zaɓa da dalilinsa, don nan malamai ke tsayawa da tambaya. Allah ya ba mu sa'a.