Wa Zai Yi Magana Ranar Da Ka Kasa?

'Ya'yana, akwai maganar da ba a son tayarwa a gidajenmu, don ana ganin kamar kiran mutuwa ne. Wasiyya mun santa, addini ma ya hore mu da kada mu yi jinkirin rubuta ta. Sai dai wadda muka saba da ita ta bayan rai ce: bashi, amana, sulusin dukiya. Tsakanin lafiya da kabari kuwa akwai wani zango, inda mutum yana numfashi amma ba ya iya cewa e ko a'a. Hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki, ko hatsarin mota ya jefa shi doguwar suma, ga likita tsaye da takarda yana tambayar wanda zai sa hannu.

A nan zumunci ke shan wuya. Babban ɗa yana Legas, wayarsa ba ta shiga. Baffa ya ce kada a yanke ƙafar da ciwon suga ya cinye, uwargida ta ce a yanke a ceci rai, 'yan'uwa mata suna kuka a baranda. Kowa da kyakkyawar niyya, amma babu wanda ya taɓa jin ta bakin mai ciwon. A Amurka, wata mata Terri Schiavo ta yanke jiki ta faɗi a 1990, hankalinta bai sake dawowa ba. Ba ta bar komai a rubuce ba, sai mijinta da iyayenta suka yi ta shari'a kan bututun da ake ba ta abinci, har ta rasu a 2005.

Kada ku ɗauka abin na Turawa ne kaɗai. A 2001 Kotun Ƙolin Najeriya, a shari'ar wani likita mai suna Okonkwo, ta tabbatar cewa baligi mai hankali yana da ikon karɓar magani ko ƙin sa. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi kuma, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta cire injin numfashi idan ƙwaƙwalwa ta daina aiki gaba ɗaya, ƙwararrun likitoci suka tabbatar ba za ta dawo ba. Gaggauta wa mutum ajali haramun ne, wannan babu ja. Amma sanin inda magani ya ƙare wani ilmi ne da ya kamata iyali su nema wurin malami da likita tun da sauran natsuwa.

Abin da nake so ku yi ba shi da wuya. Kowa ya zaɓi wakili guda, ba lallai babban gida ba, a'a, wanda ke kusa, mai tsoron Allah, da zai iya tsayawa gaban likita ya faɗi abin da ka ce ko da zuciyarsa na son wani abu dabam. Ka gaya masa ra'ayinka kan ƙarin jini da tiyata da wankin ƙoda, da ko ka yarda a sayar da gidan iyali don jinya, da inda kake so a yi jinyarka idan likitoci sun ce sai addu'a. A rubuta, shaidu biyu su sa hannu, iyali su san inda takardar take.

Ku kuma matasa masu tafiya ci-rani kuna barin mata da tsohon ciki, ku bar izinin yi musu magani a sarari kafin ku hau mota. Mace mai hankalinta ma tana da ikon sa hannu da kanta, kada naƙuda ta tsananta ana jiran wayarku.

Iyayenku ma ku tambaye su, cikin ladabi, bayan sallar isha lokacin da gida ya yi shiru. Ku ce, "Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, in ciwo ya hana ka magana, wa kake so ya tsaya maka?" Ku yi wannan tambayar cikin makon nan, tun suna iya amsa muku da bakinsu.