Darasi na 14: Kwana a Kan Dutse Cikin Ɗari da Iska

Yara, kun san hunturu. Daga watan Disamba zuwa Fabrairu iska takan taso daga arewa maso gabas, ta zo da hazo da ƙura. Da asuba a Garwa za ku ga masunta a bakin Binuwai sun hura wuta suna jin ɗumi. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, ba mai son wanka da ruwan randa. Amma da hantsi ya yi, sai kowa ya tuɓe rigar sanyi.

Akwai wuraren da ɗarinsu ya fi na Garwa nesa ba kusa ba, kuma mutane suna kwana a can a fili. Yau za mu ga yadda suke yi.

Kan dutse ya fi sanyi

In mutum ya hau sama mita 1,000, zafi yakan ragu da digiri 6 ko 7. Garwa tana cikin kwarin Binuwai, kimanin mita 200 bisa teku. Ngaundere tana kan tudun Adamawa, wajen mita 1,100. Shi ya sa matafiyi yakan bar Garwa yana gumi, ya kwana a Ngaundere cikin bargo. Dutsen Cabbal Mbabo, a arewa da Banyo, ya wuce mita 2,400. Dutsen Kamaru kuwa ya wuce mita 4,000, kuma a ƙolinsa ruwa yakan daskare da dare.

A Turai akwai jerin duwatsu da ake kira Alpes. Mafi tsawo a cikinsu shi ne Mont Blanc, wato Farin Dutse, a iyakar Faransa da Italiya. Tsawonsa wajen mita 4,800 ne. Rani da damina kansa a rufe yake da dusar ƙanƙara. Dusar ƙanƙara ruwa ne da ya daskare tun cikin gajimare, ya sauko fari fat, ba nauyi, kamar shiɓaɓɓiyar auduga. Ta bambanta da ƙanƙarar da ke faɗowa a nan da hadari, mai tauri kamar tsakuwa.

Ɓarayi uku

Zafin jikin mai lafiya digiri 37 ne. In ya sauka ƙasa da 35, mutum yana cikin haɗari. Sai ya kama karkarwa, maganarsa ta sarƙe, barci ya rinjaye shi. In ba a ɗumama shi ba, yana iya mutuwa.

Ɓarayi uku ne ke sace ɗumin jiki. Na fari iska ce. Jikinmu yana ɗumama ƴar iskar da ke manne da fata, to iska mai kaɗawa sai ta kwashe ta. In ma'aunin zafi ya nuna sifiri, iska kuma tana gudun kilomita 40 a awa, fata za ta ji kamar digiri 7 ƙasa da sifiri. Ɓarawo na biyu ƙasa ce, don tana tsotse ɗumin wanda ya kwanta a kanta ba shimfiɗa. Na uku jiƙaƙƙun tufafi ne, ko ruwa ya jiƙa su ko gumi.

Mutumin da ya kwana a ƙanƙara

A dā mutanen ƙauyen Shamoni, a gindin Mont Blanc, sun ɗauka duk wanda ya kwana can bisa ba zai wayi gari ba. A watan Yuni na 1786 wani saurayi ɗan yankin, Jacques Balmat, ya rabu da abokan tafiyarsa a kan dutsen. Dare ya same shi shi kaɗai cikin dusar ƙanƙara. Ya jure har gari ya waye, ya sauko da ransa. Ran 8 ga Agusta na wannan shekara, shi da wani likita, Michel Paccard, suka kai ƙolin dutsen. Su ne na farko da suka yi haka.

Balmat ya sha wuya ƙwarai a daren nan. Masu hawan dutse na bayansa sun koyi dabarun da ke rage wuyar.

Yadda ake kafa tanti a dusar ƙanƙara

Da fari sai a zaɓi wuri. Ba a kwana a tsinin dutse, don nan iska ta fi ƙarfi. Ba a kwana a ƙarƙashin gangare mai tsayi, don dusar ƙanƙara tana iya zaftarowa ta binne tanti. Ba a kwana cikin kwari, don iska mai sanyi tana da nauyi, can take taruwa da dare.

In an sami wuri, sai a tattake shi da ƙafa, a jira ya yi tauri. Sa'an nan a kafa tanti, a juya bayansa wajen da iska ke fitowa. Turke ba ya kama dusar ƙanƙara. Don haka sai a ɗaure igiya a tsakiyar sanda, a binne sandar a kwance, a tattake. Daga nan a yanko dusar ƙanƙara da shebur kamar tubali, a gina ƴar katanga ta tare iska.

In guguwa ta fi ƙarfin tanti, sai a haƙa kogo cikin dusar ƙanƙara a shiga. Abin mamaki ko? Ga dalili: sabuwar dusar ƙanƙara kashi tara cikin goma nata iska ce a kulle, kamar yadda take cikin auduga. Iskar da ba ta motsi ba ta saurin sakin ɗumi. Ko da waje ya kai digiri 20 ƙasa da sifiri, cikin kogon yakan tsaya kusa da sifiri. Amma dole a huda ƴar kafa a rufin don numfashi.

Kafin barci sai a shimfiɗa tabarmar soso mai kauri, a sake busassun tufafi, a rufe kai, a shiga jakar barci. Ba a cin dusar ƙanƙara don ƙishirwa, gama tana ƙara sanyaya jiki. Narkar da ita ake yi a tukunya. Kwano goma na sabuwa yakan ba da ruwa wajen kwano ɗaya.

Mu ma a nan

Dusar ƙanƙara ba ta sauka a ƙasarmu ta arewa, amma ɓarayin nan uku suna nan. Makiyayan da ke kai shanu Cabbal Mbabo sun san su. Mutanen Rumsiki, a duwatsun Mandara, su ma sun san su. Bukkar makiyayi takan dubi yamma, ta ba iskar gabas baya. Zana da darni suna yin aikin katangar ƙanƙara. Gadon kara da tabarma suna raba jiki da ƙasa.

Ga gargaɗi babba. Mai hawan dutse ba ya kunna risho cikin rufaffen tanti. Ku ma kada ku kwana da kaskon gawayi cikin rufaffen ɗaki. Garwashi yana fitar da wata iska mai guba, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Takan sa ciwon kai da jiri, ta kashe mutum yana barci. A fitar da kasko waje kafin a kwanta. Jarirai da tsofaffi kuma sun fi kowa saurin jin ɗari, sai a fara lulluɓe su.

Ku tuna

Tare iska. Raba jikinka da ƙasa. Kwana da busassun tufafi. Kada ka rufe ɗaki da garwashi a ciki.

Sababbin kalmomi

dusar ƙanƙara: la neige
ƙanƙarar hadari: la grêle
iska: le vent
tanti: la tente
ƙolin dutse: le sommet
ma'aunin zafi: le thermomètre

Tambayoyi

1. Don me Ngaundere ta fi Garwa sanyi?
2. Faɗi ɓarayi uku da ke sace ɗumin jiki.
3. Me ya sami Jacques Balmat a watan Yuni na 1786?
4. Don me ba a kafa tanti a ƙarƙashin gangare?
5. Yaya kogon dusar ƙanƙara ke kare mutum daga ɗari?
6. Mene ne haɗarin kwana da kaskon gawayi?

Aiki

1. Ka jiƙa hannu ɗaya da ruwa, ka bar ɗayan a bushe. Abokinka ya yi maka fifita da mafici. Wanne ya fi jin sanyi? Rubuta dalili cikin littafinka.
2. Zafi ya kai digiri 30 a gindin wani dutse mai tsawon mita 2,000. In yana raguwa da digiri 6 a kowace mita 1,000, digiri nawa ne a ƙolinsa?
3. Ka tambayi kakanka ko kakarka yadda matafiya ke kwana a daji lokacin hunturu. Gobe ka ba ƴan ajinku labari.