Amsoshin Tambayoyinku: Zaɓen Rigar Kujera a Ƙauyukan Jazira

Wata mai sauraro daga Mai Wurno, garin da ke gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, tana neman bayani kan rigar kujerar da ta dace da falon da aka ƙawata da salon bohemiya.

Wannan salo, wanda ya samo sunansa daga rayuwar masu zane da marubutan birnin Faris a ƙarni na 19, yana nufin haɗa launuka da kayan aikin hannu iri-iri ba tare da sai sun yi kama da juna ba. A yankin Jazira, inda noman auduga ya bunƙasa bayan kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925, damur, wato saƙin auduga na gargajiya, ya fi dacewa, domin yana shan gumi, ba ya riƙe zafi, kuma yana jure wanki bayan guguwar ƙurar da ake kira habub. Ya kamata a jiƙa yadin kafin tela ya yanka, saboda auduga takan tsuke. Tunda damur fari ne, sai a bar ado ga matasai jajaye ko masu launin ruwan goro da tabarmar kaba rinanniya, sannan a shimfiɗa irin wannan yadi a kan angarib, gadon katako mai saƙar igiya.